Mai Komawa Ga Allah Kada Ya Bar Talaka A Baya

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zangunan Hausawa na ƙasar Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal. In aka ga mutumin da a da shi ne kan gaba wajen taron ƙungiyar ƙwadago, ko wajen kai kukan 'yan dako gaban shugabannin kasuwa, yau ya tsayar da gemu, ya lizimci sahun farko, ya kuma daina sa baki cikin duk wata magana ta haƙƙin mutane, sai a ce, "Ai wane ya tuba." Lizimtar sahun farko abin yabo ne, babu mai gardama a kan wannan. Abin tsoron shi ne ɗaya rabin maganar, watau yadda ake nuna kamar neman haƙƙin lebura wani saɓo ne da mutum zai tuba ya bari, kamar caca ko shan giya.

Wannan fahimta baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Daga Turai ta zo, inda aka daɗe ana gaba tsakanin masu ra'ayin gurguzu da malaman coci, har ya zama wanda ya shiga ɗaki ɗaya dole ya rufe ƙofar ɗayan. Don mai karatu ya ga bambancin, ya isa a dubi rayuwar mutum biyu, dukansu ma'abota alƙalami, dukansu kuma ciwon huhu ya ɗauke su da sauran ƙarfinsu. Ɗaya mutumin ƙasar Foland ne, wadda ke tsakanin Jamus da Rasha, ɗayan kuwa ɗan Limamin Bauchi ne.

ƊAN JARIDAR FOLAND

Na farkon sunansa Stanislaw Brzozowski, an haife shi cikin 1878. A zamanin nan babu ƙasar Foland a taswirar duniya, gama Rasha da Jamus da Ostiriya suna riƙe da ita kashi uku, birnin Warso kuma, inda ya shiga jami'a, yana hannun Sarkin Rasha. Yana ɗalibi ya shiga tarzomar da ɗalibai suka tayar, aka kore shi daga jami'a a 1897, shekara na zagayowa kuma aka kulle shi a kurkukun Warso. Ya fito da tarin fuka, ciwon da bai rabu da shi ba har kabari.

Da ya sami kansa sai ya kama alƙalami. Ya yi ta rubutu a jaridun masu ra'ayin gurguzu, watau masu cewa dukiyar ƙasa gumin ma'aikata ne ya tara ta, don haka bai kamata waɗansu 'yan tsiraru su kankane ta ba. Alƙalaminsa kaifi gare shi kamar aska. Bai ƙyale masu manyan gonaki ba, bai ƙyale malaman coci ba, kai, bai ƙyale ko Henryk Sienkiewicz ba, marubucin da mutanen ƙasar ke ji da shi, wanda ya sami kyautar Nobel a 1905. Samari suka riƙa rububin duk abin da ya rubuta.

Ana nan sai a 1908 sunansa ya fito cikin jerin mutanen da aka ce suna kai wa 'yan sandan ciki na Rasha rahoto a asirce. Wani tsohon ma'aikacin 'yan sandan ne ya ba da sunayen, jaridar 'yan gurguzu kuma ta buga. Brzozowski ya ce ƙage aka yi masa. A 1909 aka zaunar da kotun 'yan jam'iyya a birnin Krakow don a binciki maganar, aka watse ba a tabbatar da laifin ba, ba a kuma wanke shi ba. Da yawa daga cikin abokan gwagwarmayarsa suka juya masa baya. Ya ƙare kwanakinsa a birnin Florence na Italiya, ga ciwo, ga talauci, ga tabon zargi. Cikin wannan hali ne ya duƙufa kan littattafan John Henry Newman, wani babban malamin Katolika ɗan Ingila, har ya shiga fassara su da harshen ƙasarsa. Da ajali ya matso ya karɓi limamin coci, ya koma ga addinin iyayensa, ya rasu ran 30 ga Afrilu 1911 yana da shekara 32.

To, a Turai ta wancan zamani ba a san wata hanyar fassara irin wannan ba, sai dai a ce mutum ya fita daga wata rundunar ya koma wata. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. A ƙasashe da yawa na Turai manyan coci sun daɗe suna zaune a inuwa ɗaya da sarakuna da masu ƙasa, suna gaya wa talaka ya yi haƙuri. Shi kuma Karl Marx, uban masu wannan ra'ayi, ya ɗauki addini kamar abin sa maye da ke mantar da matalauci ciwonsa ba tare da ya warkar da shi ba. Saboda haka ma'aikacin da ke son ƙarin albashi aka ce masa ya bar coci, mai son coci kuma aka ce masa ya bar ƙungiya. Brzozowski ya kusa mutuwa kafin ya gane cewa zuciyarsa tana bukatar duka biyun.

ƊAN LIMAMIN BAUCHI

A ajiye wannan a gefe, a dubi Bauchin Yakubu. An haifi Malam Sa'adu Zungur a birnin Bauchi a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, a gidan malanta, mahaifinsa kuwa shi ne limamin gari. Tun kafin ya san boko ya riga ya sha Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci a zauren gidansu. A 1929 ya shiga Kwalejin Katsina, a 1934 kuma ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Ikko. Ashe ke nan shi ma ya ɗanɗana abin da kowane baƙo daga Arewa ke ɗanɗana ranar da ya sauka daga jirgin ƙasa a Iddo: ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, abinci ba irin na gida ba, harshe ba nasa ba, ga kuma kallon da ake yi wa mai babbar riga kamar bai san komai ba. Bai daɗe a Yaba ba ya koma Arewa, ya bi hanyar aikin kiwon lafiya, har ya koyar a makarantar haɗa magunguna ta Zariya, inda ya fara tara 'yan boko ana muhawara kan halin da ƙasa ke ciki.

Rashin lafiya ya mai da shi gida Bauchi. Nan ya tarar da wani saurayin malami daga Kano yana koyarwa a Midil, shi ne Malam Aminu Kano, ga kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa a makarantar. A 1943, zamanin Sarkin Bauchi Yakubu na Uku, aka kafa wani zauren muhawara mai suna Bauchi Discussion Circle, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawan mulki kan zauna a tattauna. Turawa sun ɗauka za a tsaya kan tsabtar gari da noman gyaɗa. Sai ga shi ana tambayar amfanin mulkin da Bature ke yi ta hannun sarakuna, ana tambayar aikin tilas, har aka kai ga tambayar yadda ake yanke albashin sarki. Da hukuma ta ga muhawarar ta wuce inda take so sai ta rufe zauren, amma Malam Sa'adu da abokansa suka ci gaba a ƙarƙashin Bauchi General Improvement Union, wadda ake lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

A lokacin nan jaridar Hausa ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana kuwa hannun hukuma. Don haka abin da ba zai shiga Gaskiya ba sai Malam Sa'adu ya rubuta shi da Turanci ya aika Ikko, a buga a West African Pilot, jaridar da Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937. Abin da kuma yake so talaka ya ji da kunnensa sai ya zuba shi cikin waƙa. Da sojojin Nijeriya suka komo daga yaƙin Bama ya yi musu "Maraba da Soja". Ya kuma yi "Waƙar Bidi'a", inda ya yaƙi camfi da tsafi da al'adun da ke cinye dukiyar talaka da sunan addini. Mutum guda ne ke rubuta wa jaridar Ikko maganar 'yanci, yake kuma rubuta wa mutanen garinsu maganar sunna, bai taɓa ganin ɗayar ta ci karo da ɗayar ba.

A 1948 ya sake saukowa Ikko, wannan karon a matsayin sakataren jam'iyyar NCNC na ƙasa. Ikko ta lokacin tana tafasa. Ba a daɗe da gama babban yajin aikin 1945 ba, wanda su Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa suka jagoranta har kwana 44. Samarin ƙungiyar Zikist suna karanta littattafan gurguzu suna kiran a yi tawaye. A watan Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu saboda sun nemi haƙƙinsu. Duk wani ra'ayin da ya ja Brzozowski a Warso, Malam Sa'adu ya gan shi da idonsa a Ikko, ya zauna da masu shi, ya yi aiki tare da su.

SHIN SHI MA YA JUYA NE?

Zamansa a Ikko bai yi tsawo ba. Ciwo ya matsa masa, ya kuma ga yadda waɗansu 'yan siyasar Kudu ke ɗaukar Arewa kamar gonar ƙuri'a kawai, ba su san tarihinta ba, ba su kuma damu su sani ba. A watan Yuni 1949, da aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a ƙarƙashin Dokta Dikko, Malam Sa'adu ne aka ba matsayin mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. A wajen wannan lokaci ne kuma ya yi waƙarsa da ta fi kowace suna, "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya", inda ya nuna ya fi son Arewa ta riƙe sarautarta da addininta da ta bi tsarin da zai share su. Malam Mudi Sipikin na Kano bai yarda ba, ya mayar masa da martani da tasa waƙar, "Arewa Jamhuriya Kawai".

A nan ne mai gardama zai ce, "To, ga shi nan. Shi ma ya je Kurmi ya ga gurguzu, ya gudo ya rungumi rawani. Ina bambancinsa da mutumin Foland?" Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a yi mata amsar ganin dama ba. Gaskiya ne Malam Sa'adu ya sauya ra'ayi game da NCNC, gaskiya ne kuma ya ji tsoron kada Arewa ta shiga 'yancin kai da jahilci, wasu su mallake ta. Amma wanda ya san waƙar ya san ba kirari ya yi wa sarakuna ba. Sharaɗi ya gindaya musu: su gyara kotuna, su daina zalunci, su buɗe makarantu, su saurari jama'a, in kuwa sun ƙi, to, abin da suke tsoro zai same su. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Daɗin daɗawa, a shekarunsa na ƙarshe, yana fama da jinya a Bauchi, yana tare da NEPU ne, jam'iyyar talakawa, wadda almajirinsa Malam Aminu Kano ke shugabanta. Da a ce komawarsa gida tuba ce daga faɗan talaka, da ba a can za a same shi ba.

Abin da ya raba shi da Brzozowski shi ne inda kowannensu ya samo hujjarsa. Mutumin Foland daga littattafan Marx ya koyi ƙin zalunci, don haka da ya nemi Allah sai ya zama kamar ya bar gida ya koma wani. Malam Sa'adu kuwa a zauren mahaifinsa ya koya. Garin da aka haife shi ma almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya kafa shi, watau Malam Yakubu, wanda ya karɓo tuta. Shehu kuwa, cikin littafinsa Kitabul Farƙ, ya jera halayen sarakunan da ya yaƙa ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki kafin a sami biyan bukata, ya ce duk ba hanyar Musulunci ba ce. Wanda ya tashi da irin wannan karatu ba ya bukatar wani Bature ya gaya masa cewa cin gumin talaka haramun ne. Abin da ya ƙaru da shi a Ikko dabara ce: yadda ake kafa ƙungiya, yadda ake rubuta takardar koke, yadda ake amfani da jarida.

Haka shi ma Malam Aminu Kano. Ya je London a 1946 ya yi shekara guda, ya zauna da 'yan jam'iyyar Leba masu ra'ayin gurguzu, ya karanta littattafansu. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, sanarwarta ta Sawaba kuma ta fito fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa. Saboda haka aka yi ta jifan 'yan NEPU da cewa ba su da ladabi, ba su da addini, aka ɗaure su a kotunan alƙalai, aka yi musu bulala. Alhali kuwa Malam Aminu mai tafsiri ne a watan azumi, shi da mutanensa kuma suna cikin waɗanda suka fara kafa makarantun Islamiyya a Kano. Mai karatu ya lura da wannan kuma: jangalin nan da Shehu ya la'anta tun farkon ƙarni na 19, a 1979 gwamnonin PRP na jihohin Kano da Kaduna, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa, suka soke shi tare da haraji. Jam'iyyar da ake yi wa gorin gurguzu ita ce ta cika umarnin Mujaddadi.

ABIN DA YA FARU A FOLAND DAGA BAYA

Ita kanta Foland daga ƙarshe ta koyi wannan darasi, amma da tsada. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kafa mata gwamnatin gurguzu a ƙarƙashin inuwar Rasha, gwamnatin da ta ce ita ta ma'aikata ce, ta kuma takura wa addini. A watan Agusta 1980 ma'aikatan masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin wani mai gyaran lantarki, Lech Walesa. Suka rataya hoton Paparoma John Paul na Biyu, ɗan ƙasarsu, a ƙofar masana'antar, suka kira limamin coci ya yi musu ibada a cikin fili. Ƙungiyarsu ta Solidarity ta tara mutum wajen miliyan 10. Aka kafa dokar soja a Disamba 1981, 'yan sandan ciki kuma suka kashe wani limamin cocin da ke goyon bayansu, Jerzy Popieluszko, a 1984, amma duk a banza. A zaɓen 1989 mulkin gurguzu ya faɗi. Gwamnatin da ta ce don lebura take, amma ta raina imanin lebura, leburori ne suka kayar da ita, suna addu'a suna yajin aiki a wuri ɗaya. Abin da suka gano a 1980 shi ne abin da ɗan Limamin Bauchi ya riga ya sani tun 1943.

INA RUWAN MAZAUNIN KUDU?

Ruwansa kuwa har wuya. Babu abin da ya riƙe Hausawan Kudu kamar addini. Sabon Badun, wanda aka kafa a 1916, ya ginu ne a kan cinikin shanu da goro, ciniki ne kuwa na bashi da amana: Bafillace ko falke ya sauka wurin maigida, maigida ya tsaya masa, mahauci ya ɗauki sa a kan zai biya bayan kwanaki, babu takarda, babu lauya. Tsoron Allah da tsoron kunya a cikin sahu su ne jarin wannan kasuwa. A farkon shekarun 1950 mutanen Sabo suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya da yawansu, suka kuma tsayar da tasu sallar Juma'a a 1952. Har gobe, duk inda 'yan Arewa suka sauka, kafin su yi komai sai sun kewaye wurin salla. Ma'ana, masallaci shi ne majalisa mafi ƙarfi da baƙon Arewa ya mallaka a Kudu. In wannan majalisa ta yi shiru game da haƙƙin ƙaramin mutum, ba shi da wata da za ta yi magana dominsa.

Ƙananan mutanen kuwa ga su nan kowa na gani. Ga maigadin da ya yi wata uku ba a biya shi ba, alhali wanda ya samo masa aikin, ɗan garinsu, ya riga ya karɓe albashin watan farko a matsayin la'ada. Ga yaron da aka ɗauko daga Ningi ko Darazo ko Misau da alkawarin sana'a, aka sa shi turin baro, kwanansa a ƙarƙashin gada. Ga ɗan acaɓan da ke biyan mai babur kullum, ya biya 'yan tasha, ya biya masu tare hanya, ya koma da abin da bai isa tuwo ba. Ga kuɗin da ake tarawa a kasuwa da sunan ƙungiya ko da sunan zango, shekara da shekaru babu wanda ya taɓa karanta wa jama'a lissafinsu. Ga samarin da ake kwashewa a samame su kwana biyu a caji ofis babu mai zuwa belinsu. Wani zaluncin daga masu gari yake zuwa, amma wani, in za a faɗi gaskiya, daga 'yan'uwa yake, waɗanda ake haɗa kafaɗa da su a sahu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Idan aka kawo irin wannan kuka sai a ji wani ya ce, "A yi haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara, mu dai baƙi ne." Haƙuri gaskiya ne, ƙaddara gaskiya ce. Amma Musulunci bai taɓa mai da haƙurin wanda aka zalunta ya zama lasisin azzalumi ba. Addinin da ya hana tauye mudu, ya wajabta zakka, ya yi umarni a biya ɗan ƙwadago da gaggawa, ba shi ne zai ce a rufe baki ba in an cinye albashin maigadi. Wannan haƙurin da ake wa'azinsa ga talaka kaɗai, ba a taɓa wa'azin adalci ga maigida ba, shi ne ainihin abin da ya sa ma'aikatan Turai suka guje wa coci. Wanda ke yin haka, ko bai sani ba, yana gaskata Marx ne.

Haka kuma akwai magana ga ɗaya ɓangaren, watau samarin da suka yi boko suka shiga ƙungiyoyin ƙwadago da na kare haƙƙi, suke ganin wayewa ita ce a yi wa mai carbi kallon ɗan ƙauye. Su tuna NEPU ba da sunan Marx ta shiga ƙauyuka ba. Ta shiga ne da bakin malaman zaure da teloli da mahauta da 'yan koli, masu jawo aya da tarihin Shehu. Wanda ya raina sallar talaka ba zai taɓa samun kunnensa ba, kome daɗin bakinsa.

Abin yi a bayyane yake, ba ya kuma bukatar izinin kowa. Limaman zango su sa maganar albashi da la'ada da amanar kuɗin jama'a cikin huɗuba, kamar yadda suke sa maganar alwala. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ko 'yan dako ko masu gadi ta sami littafin lissafi da za a karanta a bainar jama'a ko da sau biyu a shekara. Attajiran zango su haɗa wani abu daga zakkarsu a wuri guda, don belin wanda aka kama ba da laifi ba, da jinyar wanda ya faɗi, da kuɗin motar wanda ya gaji yana son komawa gida. A buɗe ajin dare a harabar masallaci, gama babu abin da Malam Sa'adu ya tsana kamar jahilci, kuma wanda bai iya karanta takardar da ya dangwala wa hannu ba, an riga an ci rabin haƙƙinsa. Sa'an nan kada lebura ɗan Arewa ya ƙi shiga ƙungiya ɗaya da lebura Bayarabe ko Ibo don addini ko harshe ya bambanta. Rigingimun Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mil 12 a 2016, da kasuwar Shasha a Badun a 2021, duk sun nuna cewa in wuta ta tashi rumfar ƙaramin mutum take fara ci, ko daga ina ya fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malam Sa'adu, da dukan malantarsa, ya yi aiki a ƙarƙashin Azikiwe a Ikko, ya zauna a ƙarƙashin Dokta Dikko, wanda Kirista ne, a Kaduna, bai kuwa rasa ko raka'a ɗaya ta imaninsa ba saboda haka.

Allah Ya yi wa Malam Sa'adu Zungur rasuwa a Bauchi cikin Janairu 1958, yana da shekara arba'in da 'yan kai, bai ga ranar 'yancin kan da ya yi wa wahala ba. An sa sunansa a jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau, an sa a babban zauren taro na gidan Mambayya a Kano. Wannan duk daidai ne. Amma mutumin da ya bar gadon malanta ya sauko Ikko don maganar talaka, ya kuma koma gida bai saki ko ɗaya daga cikin biyun ba, ya fi cancantar a tuna da shi a zangunan Kudu, ranar da wani bawan Allah zai fito daga sahun farko ya tsaya a ƙofar masallaci ya tambayi maigida ina albashin yaron nan. Duk wanda Allah Ya nufa da komawa gare Shi, madalla, sai dai ya riƙo hannun talaka su tafi tare. Allah Ya ji ƙan Malam Sa'adu, Ya kyautata makwancinsa, Ya kuma tsare baƙin Arewa a duk inda neman abinci ya kai su, amin.